Wanda Shiru Ke Hana wa Karatu

Duk wanda ya ratsa Kalgo a makon jarrabawar Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi zai ga abin da dattawa ke ɗauka shiririta ce tsagwaronta. Ɗalibi ya tasa takardu a gaba, ya toshe kunnuwa biyu da iyafis, kansa na ɗan kaɗawa, wai shi karatu yake yi. In ka tambayi mahaifinsa, zai ce maka taura biyu ba ta taunuwa. In ka tambayi yaron, sai ya rantse maka da zarar ya zare abin nan daga kunne, kafin ya haɗa layi uku hankalinsa ya kai kasuwar Jega ya dawo.

Ga yawancin mutane, dattijon ne mai gaskiya, kuma masu bincike suna bayansa. Sai dai a cikin jama'a akwai wani kaso, ba mai yawa ba, da shiru ke wahalarwa fiye da hayaniya. Su ne masu larurar da likitoci ke taƙaita sunanta da haruffa huɗu, ADHD, wato ƙarancin natsuwa da yawan motsi da gaggawar aikata abu kafin tunani.

Mun san su, sunan asibiti ne kawai ba mu ba su ba. Tun suna yara ake ce musu masu ƙiriniya, masu rawar kai, masu kunnen ƙashi. An aiki yaro sayen magi, ya dawo da labarin faɗan da ya gani a hanya, ba magi ba canji. Idan ya girma ƙiriniyar jiki takan lafa, amma ta koma ciki. Shi ne ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma da zai buɗe fayil biyar bai rufe ko ɗaya ba. Shi ne ɗan kasuwar da ya fi kowa iya jawo mai saye, amma littafin bashinsa ba kai ba gindi. Shi ne wanda ya fara kafinta ya bari, ya koma sayar da mai, ya bari, ya tafi Legas ya dawo, har dangi suka fara raɗe-raɗin ko kurciya aka yi masa. A ɓangaren mata abin ya fi ɓuya, don sau da yawa babu tsalle-tsallen, sai tafiyar hankali kawai. Ta ɗora miya ta koma shara, ta bar tsintsiya a tsakar gida ta kama wanki, sai ƙauri ya tuna mata da tukunya. Uwar miji ta ce ballagaza ce, kishiya ta ce ƙazama ce, ita kuwa tana kwana da kuka don ta san iyakar ƙoƙarinta take yi. (Kada telolin Gwandu su yi murna. Ba duk wanda ya ci amanar ɗinkin Sallah ne ke da larura ba, wani haɗama ce ta sa ya karɓi abin da ya fi ƙarfin kekensa.)

Abin ba sabo ba ne, kuma ba wayar hannu ta kawo shi ba. Tun a 1798, shekara shida kafin hijirar Shehu zuwa Gudu, wani likita ɗan Sikotland mai suna Alexander Crichton ya bayyana mutanen da hankalinsu ba ya zama wuri ɗaya, har ya lura cewa haushin kare kaɗai ya isa ya wargaza musu tunani. A 1902 likitan yara George Still ya yi laccoci a Landan a kan yara masu irin wannan hali. Yau ƙiyasin duniya ya nuna kimanin yara 5 cikin 100 na da larurar, manya kuwa tsakanin 2 zuwa 3 cikin 100. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado ne ke da kaso mafi tsoka, wajen kashi 74 cikin ɗari. Shi ya sa in ka ga yaro mai wannan hali, ka duba da kyau, da wuya ka rasa wani kawu ko baffa da aka daɗe ana yi wa kirari da "ba ya zama". Ba kuma kowane mai mantuwa ake sa wa sunan ba. Ƙa'idar da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka fitar a 2013 ta ce sai alamun sun faro kafin shekara 12, sun ɗauki aƙalla wata 6, suna bayyana a wuri fiye da ɗaya, gida da wurin aiki misali, kuma suna ɓata wa mutum rayuwa da gaske.

To me ya haɗa wannan da kiɗa? Mutane na zaton mai wannan larura hankalinsa ya cika da abubuwa ne, don haka maganinsa a kai shi ɗaki shiru a rufe ƙofa. Wata malamar jami'a a Amurka, Sydney Zentall, ta juya maganar tun a 1975. Ta ce ƙwaƙwalwar irin waɗannan mutane yunwar motsi take ji. Idan aikin da ke gabansu mai gundura ne, wurin kuma tsit, sai ƙwaƙwalwar ta tashi neman abin da zai farkar da ita: kaɗa ƙafa, tauna biro, tsokanar na kusa, ko dogon tunanin abin da bai shafi aikin ba. Daga baya aka danganta wannan da wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke da hannu wajen sa mutum ya ji sha'awar aiki ya kuma jure masa. A 2011 masu bincike a Jami'ar McGill da ke Kanada sun nuna cewa kiɗan da ke ratsa mutum yana sa ƙwaƙwalwa ta saki wannan sinadari. Misalin abin kamar matar da ta baza shanyar gero ne, ga akuya na zagaye. Ko ta wuni tana kora, ko ta watsa mata harawa a gefe ta samu ta yi aikinta. Sautin da ya dace shi ne harawar.

Manoman ƙasar nan ba su jira wata jami'a ta gaya musu kiɗa na jan aiki ba. Ranar gayya makaɗi na biye da samari da gangar noma, yana kiran sunan wanda ya yi gaba, yana zambo ga wanda aka bari a baya, kuma kowa ya san kunyar da za a yi a wuni ba ganga, da ganga kafin azahar an tashi. Irin su Amali Sububu da wannan suka yi suna. Mata na da waƙoƙin niƙa da na daɓe, ga luguden taɓarya idan ana dakan biki. Turawa ma sun bi wannan hanya lokacin da wuya ta kai musu. A watan Yunin 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, BBC ta fara wani shiri na kiɗa zalla domin ma'aikatan masana'antun Birtaniya, shirin ya kuma ci gaba har 1967.

Amma a lura da irin aikin. Noma, daka, niƙa, ɗaure kusoshi a masana'anta, duk aikin hannu ne mai maimaituwa. Jiki ya san hanyarsa, abin da ake buƙata kawai kada gajiya da gundura su ci ƙarfin mutum. A nan ba a jayayya, kiɗa na taimakon mai larura da marar larura. Mai sheme shinkafa a fadamar Kalgo, da tela mai kai dogon ɗinki, da mai gugar kaya, duk suna iya ƙure rediyonsu. Rigimar tana farawa ne idan aikin na kai ne: karatu, lissafi, rubuta rahoto, harhaɗa kuɗin ciniki.

A 1996 Howard Abikoff da abokan aikinsa a Amurka sun zaunar da yara maza 40, rabinsu masu larurar, suka ba su lissafi a yanayi uku: shiru, da muryar mai magana, da kiɗan da yaran ke so. Marasa larura ba su nuna wani bambanci ba. Masu larurar sun fi ƙoƙari da kiɗa. Sai dai da aka duba da kyau, ribar ta tsaya ne ga waɗanda aka fara musu da kiɗan tun farkon zama. A 2011 William Pelham da tawagarsa suka gwada kiɗa da bidiyo a aji. Bidiyo ya ɗauke hankalin yara, musamman masu larurar. Kiɗa kuwa ya raba su gida-gida: wasu sun ƙaru, wasu sun ragu. Maganin likita kuma ya taimaka wa masu larurar, da kiɗa ko babu. A Suwidin, a 2007, Göran Söderlund da abokansa suka ajiye kiɗa gefe suka gwada wani abu daban, wato ƙarar nan ta "shuuu" da rediyo ke yi idan an bar tasha, wadda ba ta hawa ba ta sauka. Yara masu larurar sun fi tuna jimlolin da aka ba su cikin wannan ƙara, marasa larura kuwa sun ja baya. A 2024 Joel Nigg da abokan aikinsa a jihar Oregon suka tattara bincike 13 da suka ƙunshi mutum 335, yara da matasa, a kan irin wannan ƙara. Sakamakon ya tafi hanya ɗaya: 'yar riba ga masu larurar, 'yar asara ga sauran.

'Yar riba aka ce, kuma ya kamata a riƙe wannan da kyau, don masu tallar manhajojin "ƙara basira" a intanet ba za su faɗa maka ba. Mafi yawan waɗannan gwaje-gwaje kan yara da matasa aka yi, na 'yan mintoci, a ɗakin bincike. Kan manya, abin da ya fi yawa shi ne abin da su da kansu suka faɗa. A wani bincike da aka buga a 2025, masana a Jami'ar Montreal sun tambayi matasa 434 masu shekara 17 zuwa 30 yadda suke sauraron kiɗa. Masu alamun larurar sun fi kunna kiɗa lokacin karatu, sun kuma fi son mai zafi a kan mai sanyi. Wannan ya tabbatar da cewa suna neman kiɗan, bai tabbatar da cewa makinsu ya ƙaru ba. Duniya ta taɓa cin wannan tuwon. A 1993 an gwada ɗalibai 36 a Kalifoniya, aka ce minti goma na kiɗan Mozart ya ɗan ɗaga ƙoƙarinsu a wani gwaji, tasirin da bai wuce kwata na awa ba. Kafin ka ce kwabo labari ya zama "kiɗan Mozart na sa jarirai basira", har gwamnan jihar Jojiya ya nemi a 1998 a ware kuɗi a raba wa kowane jariri faifai.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu kai tsaye, inda kuma nake ganin ɗalibin Kalgo ke cutar kansa bai sani ba. Ba kowane sauti ne harawa ba. Tun a 1976 aka gano cewa muryar mai magana tana rushe wa mutum ƙoƙarin riƙe jerin abubuwa a ka, ko da an ce masa kada ya kula ta, ko da ma da harshen da ba ya ji ake maganar. Pierre Salamé da Alan Baddeley sun nuna a 1989 cewa kiɗa mai waƙa ya fi kiɗa zalla yin wannan ɓarna. Dalilin a fili yake. Mai karatu, ko bakinsa a rufe, yana furta kalmomin a zuci. Hanyar da wannan murya ta zuci ke bi ita ce hanyar da muryar mawaƙi ke shigowa, sai su yi karo a ƙofa. Wani nazari na 2018 da ya tattara bincike 65 a kan karatu ya samu cewa maganar da mutum ke fahimta da kiɗa mai waƙa su suka fi komai ɓata fahimtar abin da ake karantawa.

Mu kuwa kiɗanmu magana ce. Ba mu da al'adar zama a saurari kayan kiɗa su kaɗai na tsawon awa. Daɗin Narambaɗa a azancinsa yake. Mai jin Ɗanƙwairo ko Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri jira yake ya ji inda zambon zai sauka, da wanda aka yi wa habaicin. Shata labari yake ba ka. Waƙoƙin soyayya na zamani, irin na Nura M. Inuwa da takwarorinsa, an tsara su ne don kowane baiti ya tsaya maka a rai. Wanda ya kunna ɗaya daga cikin waɗannan ya buɗe littafin kimiyya, ya gayyato babban mai iya magana ne ya zauna masa a kunne, sa'an nan yana mamakin yadda ya kai ƙarshen shafi bai san abin da ya karanta ba. Har ma in an cire muryar, a ganina ba a gama tsira ba. Kalangu yana bin hawa da saukar harshenmu, kotso da tambari suna da take, kunnen da ya tashi cikin wannan al'ada kuwa ba "dum-dum" yake ji ba, kirari yake ji. Bature zai iya karatu da kiɗan kalangu lafiya lau. Ɗan Gwandu da ya san taken, bakinsa zai fara bi.

Masu cewa sun koma waƙar Indiya tunda ba su jin harshen, sun rage matsala, ba su kawar da ita ba. Wajen fahimtar ma'ana, harshen da ba ka ji ya fi sauƙin ɓarna. Wajen haddar jeri, kamar lambobi ko matakan lissafi, ko wace irin murya mai canzawa tana taɓa ka. In kuma waƙar ta fim ɗin da ka sani ce, hoton zai dawo maka gaba ɗaya.

Wasu kan kunna karatun Alƙur'ani su ce shi zai natsar da su su yi aiki. Natsuwar gaskiya ce, amma wurinta kafin a fara aikin ne, ko lokacin hutu. Aya ta 204 a Suratul A'araf ta yi umarni da saurare da yin shiru idan ana karatu, malamai kuma sun yi bayani a kan iyakar wannan umarni, wanda ya kamata a koma gare su. Ta fuskar ƙwaƙwalwa ma, wanda ya yi makarantar allo ba zai iya jin surar da ya haddace ya ƙi bin ta a zuci ba. Ga shi bai ba karatun haƙƙinsa ba, ga aikin bai yiwu ba.

Makarantar allon kanta akwai darasi a cikinta. Baƙon da bai saba ba, in ya tsaya bakin wata tsangaya a Gwandu ko Kambaza da asuba, zai yi mamakin yadda ake hadda a cikin wannan kwaramniya. Yara da yawa, kowa da allonsa, kowa da surarsa, kowa na ɗaga murya yana rangaji. Amma a haka aka yaye mahaddata shekaru aru-aru. A 1995 Dylan Jones da William Macken na jami'ar Kadif a Birtaniya sun gwada tasirin yawan muryoyi, suka samu cewa murya ɗaya ko biyu sun fi rikita mai aiki, idan kuwa muryoyin suka yi yawa suka cakuɗe wuri guda, ɓarnar takan ragu, domin kunne ya daina tsintar kalma, sai guna kawai yake ji. Ga kuma ɗalibin tsangaya yana furta nasa karatun da ƙarfi, jikinsa na motsi. Ba na cewa malaman da suka kafa wannan tsari sun yi shi ne domin masu rawar kai, kuma bulalar da ke tare da shi ta zalunci irin waɗannan yara ba kaɗan ba. Amma yaron da ba ya iya zama tsit, tsangaya ta ba shi izinin motsi da ɗaga murya, ajin boko kuwa ya ce ya naɗe hannu ya yi shiru na minti arba'in. Babba mai wannan larura zai iya aro daga can: ya karanta a bayyane, ya yi ta kai-komo a tsakar gida da takardar a hannu, ko ya zauna inda hayaniya ke zuwa daga nesa a dunƙule. Abin gudu shi ne majalisar mutum uku da ke hirar siyasa a bayan tagarsa.

Wannan ya sauƙaƙa wa mutane da yawa da ba su sauraron kiɗa saboda addini, kuma a ƙasar Gwandu ba su da kaɗan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da kansa, wanda hubbarensa ke garin, a cikin Tazyinul Waraƙat ya lissafa kaɗe-kaɗe da bushe-bushe cikin abubuwan duniya da ya koka cewa wasu mutanen jama'a sun karkata gare su. Wanda ke kan wannan fahimta bai yi asarar komai ba, tunda sautin da aka fi tattara hujja a kansa ba kiɗa ba ne. Ƙarar fanka ta wadatar, wadda dama a zafin Afrilu ba mai zama ba ita in da wuta. Haka gunjin janareto daga nesa, ko injin ban ruwa a fadama, ko ruwan sama a kan kwano, wanda ake iya ɗauka a waya da damina a ajiye. Sharaɗin dai sautin ya zama bai ɗaya, ba kalma, ba abin mamaki a cikinsa. Mai son kiɗa kuma ya nemi marar waƙa, marar take, mai tafiya a kan kari ɗaya, ya kuma yi ta maimaita guda ɗin har ya zama ba ya jin sa. Sabon kiɗa kullum yana neman a saurare shi.

Yaya mutum zai san ko yana cikin waɗanda abin ke yi wa amfani? Ba da jin daɗi ake aunawa ba. Wani gwaji da Nick Perham ya jagoranta a Birtaniya ya nuna kiɗan da mutum ke so da wanda ba ya so duk sun rage masa ƙoƙarin tuna jeri daidai wa daida. Rai na iya yin fari aiki na lalacewa. Sai a ɗauki aiki iri ɗaya, a lokaci iri ɗaya na yini, yau da sauti gobe ba sauti, a yi ta musanyawa na mako biyu, a riƙa rubuta abin da ake iya ƙirgawa. Ɗalibi ya rufe littafi ya rubuta abin da ya tuna. Mai shago ya ƙirga kuskuren da ya samu a lissafi. Akawu ya ga takarda nawa ya kammala. Wani zai tarar kiɗa na taimaka masa ya fara ne kawai, wanda dama shi ne babban tsaunin mai wannan larura, daga nan gara ya kashe. Wannan ma riba ce babba.

Babban tarkon ba a kiɗan yake ba, a wayar yake. An ɗauko ta don a canza waƙa, sai ga saƙon WhatsApp, daga nan TikTok, sai kiran la'asar. Mai ƙarancin natsuwa ba ya cin wannan yaƙi da ƙarfin zuciya, sai da dabara. Ya je wurin masu tura waƙoƙi a sa masa abin da ya zaɓa a memori, ya sa a ƙaramar rediyo, wayar kuma ta kwana a wani ɗaki. In dole sai da wayar, a rufe data kafin a zauna. Tsohon kaset yana da wata fa'ida da aka manta: gefe guda minti talatin ne, in ya ƙare ya yi "ƙas" ya tsaya. Masu wannan larura suna fama da auna lokaci, ko su ga minti biyar kamar shekara, ko su nutse cikin abin da ke burge su har awa uku ta wuce. Sautin da aka yanka wa tsawon minti ashirin da biyar ko talatin yana zama agogo. Ya ƙare, a tashi a miƙe ƙafa, a sha ruwa, a dawo.

Sai batun kunne, wanda ba shi da gyara in ya lalace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin raunin ji saboda sauraro da ƙarfi, ta kuma sa wa babba iyakar desibel 80 na awa 40 a mako. Ba kowa ke da abin aunawa ba, amma in na kusa da kai yana jin abin da ke fita daga iyafis ɗinka, ko sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi, ka wuce gona da iri. Haɗarin ya fi yawa ga mai ƙoƙarin danne ƙarar injin niƙa ko janareto da ƙarar kiɗa. Ɗan kabu-kabu kuwa, tsakanin Kalgo da Birnin Kebbi ko kan hanyar Bunza, ba shi da wani uzuri na toshe kunne. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna masu wannan larura sun fi sauran mutane shiga haɗarin hanya, kuma hon ɗin tirela ta baya shi ne gargaɗi na ƙarshe.

Duk wannan dabara ce ta rage wahala, ba ta maye gurbin ganin likita. Abubuwa da yawa na kama da larurar alhali ba ita ba ce: rashin barci, ƙarancin jini, damuwa mai tsanani, fargabar da rashin tsaro ke bar wa mutum, raunin ji, da shaye-shaye. Wasu samarin ma da tiramadol da makamantansa suke ƙoƙarin kwantar da wannan guguwa ta cikin kai, su fita daga ƙaramar matsala su faɗa babba. Akwai magunguna na gaskiya, irin su Ritalin, waɗanda aka shafe shekaru da dama ana amfani da su, amma suna ƙarƙashin tsauraran dokoki, ba na sayen kemis ba ne, kuma sai likita ya duba zuciya da hawan jini kafin ya rubuta. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, ko da yake dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi kusanto da wannan kulawa ga jama'a. Mutumin Gwandu ko Kalgo zai iya farawa daga babban asibiti a Kalgo ko Birnin Kebbi ya nemi a haɗa shi da likitan fannin, akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato. Tunda sharaɗin larurar shi ne ta faro tun yarinta, likita zai so jin yadda mutum yake kafin ya kai shekara 12. Don haka mai zuwa ya tafi da mahaifiya, ko yaya, ko gwaggon da ta raine shi, in kuma katin sakamakon firamare na nan a ƙasan akwati, ya ɗauko shi, don abin da malamin aji ya rubuta a ƙasan katin yana cikin shaidun da ake dubawa.